Waɗanda Aka Haifa Ɗaya ga Janairu

Kai ma ka gani, ka kawar da kai. Kada ka ce ba ka taɓa riƙe katin shaidar tsohuwa ba, wanda babu ranar haihuwa a kansa, babu wata, sai shekarar da aka kintata.

Nafisatu ta gani. Aikinta ke nan a wani ƙaramin kamfani a Garwa: ta gwada manhajar da za a kai wa wani asibiti, ta tono aibinta kafin ya taɓa mara lafiya. Manhajar ba ta karɓar shekara ita kaɗai, don haka duk wanda ba a san ranarsa ba, an cika masa ɗaya ga Janairu. Ran Laraba, a cikin bayanan asibitin, ta ci karo da Hawa'u Dawuda biyu, ɗaya ta Ngawundere, ɗaya ta Mayo-Oulo, shekararsu ɗaya. Manhajar ta haɗe su, ta mai da su mace ɗaya.

"Chef, zo ka ga wannan."

Antoine, shugaban sashen, ya leƙo. "An rubuta ta sau biyu ne kawai, ma sœur, 'yar'uwata. Ke komai sai kin tona! Jumma'a za mu miƙa aikin fa."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ta danna kore, maɓallin da ke nuna gwaji ya wuce.

Bayan wata huɗu Hawa'u ta Mayo-Oulo ta zo asibitin da ciwon ƙirji. Jikinta ba ya ɗaukar penisilin. An taɓa rubuta haka, amma bayanin ɗaya Hawa'un ya hau kai ya shafe shi. Aka yi mata allurar. Ba ta kai la'asar ba.

Da labari ya iso kamfanin, Nafisatu ta je gaisuwa, ba ta faɗi ko wace ce ita ba. Ɗiyar mamaciyar ta miƙo mata ruwa.

"Sha, 'yar'uwa, kin sha hanya. Kwananta ne ya ƙare, ba laifin kowa."

Nafisatu ta ajiye ruwan, ba ta sha ba. Da ta koma gida ta ɗauko katin kakarta, wanda ta sha riƙewa a layin asibiti. Shekara ce kawai a kansa.

Yanzu duk sabon mai gwaji da aka kawo mata, katin nan take ajiye masa a tebur. "Kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Faɗa mini me ka gani."

Kai da ke gwajin manhaja, tashi yau ka karɓo katin kakarka. Shigar da ita, ka duba da wa aka haɗe ta. Kada ka danna kore sai ka duba.