Ranar da Baba Ya Sauke Kwalabe

Shekara ashirin da ɗoriya Baba yana dafa wa kolibiri, 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen nan masu shan ruwan fure, ruwan sukari, tun Mama tana da rai. Kwalabe shida ne a rataye a barandarmu, kowacce da jan baki, suna fuskantar rafi da gangaren dajin da ke ƙetarensa. Duk wanda ya zo daga ƙauyukanmu na tsaunukan Antioquia a ƙasar Kolombiya ya tambayi gidan Don Argemiro mai tsuntsaye, wato Baba, za a nuna masa. Da hannun Baba ya fara rawa saboda tsufa sai aikin ya dawo kaina, ni Leonilde, autarsa da ta rage a gidan. Bakinsa dai bai huta ba.

"Gwangwani ɗaya na sukari, huɗu na ruwa."

"Na sani, Baba."

"Kin sani, shi ya sa jiya kika dama musu kunu."

Farin sukari kaɗai ya yarda da shi. Mazarƙwaila tamu ce mu mutane, zuma kuwa kashe su take yi. A tafasa, a bari ya huce sarai, kowace kwalba a wanke ta da ruwan zafi duk kwana biyu, a zura ɗan buroshi a ƙofofin da suke sa baki. Tsuntsaye wajen talatin ke zuwa, kowane bai fi babban yatsana ba, kuma Baba ya san da yawansu ɗaya-ɗaya.

Gangaren ƙetaren rafi rabon yayana Baudilio ne daga gadon Mama. Wata Lahadi bayan an taso daga coci ya zo ya zauna, na kawo masa wainar masara da cuku, ya ce zai sare dajin ya dasa fiya.

"Duka?" in ji Baba.

"Baba, 'ya'yana huɗu. Ganye za su ci?"

"Ka bar ko bakin rafin."

"Zan gani."

Kwana tara injin yankan itace yana kuka. Bai bar bakin rafin ba. Da rassan suka bushe aka cinna musu wuta, toka ta yi kwana uku tana sauka a kan wankinmu.

Tun hayaƙin bai gama kwanciya ba tsuntsaye suka fara tururuwa. Da safe na fito da tukunya na tarar barandar tana gurnani kamar an buɗe amya. Sun fi ɗari biyu. Har da irin waɗanda ban taɓa gani ba, masu doguwar jela shuɗiya, da wasu masu farin gashi a ƙafa, waɗanda Baba ya ce ba sa barin tsakiyar daji. Kafin rana ta ɗaga kwalaben sun ƙafe.

Baudilio ya tsallako shan ruwa, ya tsaya yana dariya.

"Ka gani, Baba? Na koro maka baƙi. Ai godiya ya kamata ka yi min."

"Ba ziyara suka zo ba," Baba ya ce, bai ko dube shi ba.

Muka ƙara kwalabe har suka kai goma sha huɗu, wasu na lemo ne na huda murafunsu na ɗaura jan ƙyalle. Sau uku nake ɗora tukunya a rana. Da can inuwar dajin tana rufe barandar tun la'asar, yanzu kuwa rana na dukan kwalaben har faɗuwarta, ruwan da ke kwana biyu lafiya sai ya yi tsami a yini ɗaya. Ga rina, ga tururuwa. Tsuntsayen kuma faɗa suke yi ba ji ba gani, sai ka ji ƙas, biyu sun faɗo ƙasa a sarƙe.

Na ce wa Baba aƙalla dai suna ƙoshi. Ya girgiza kai.

"Sukari ƙarfin tashi kawai yake ba su, 'yar nan. Abincinsu ƙananan ƙwari ne, da su suke ciyar da 'ya'ya. Sheƙa kuma da yanar gizo suke ɗinka ta. Ina gizon? Ina ƙwarin?"

A mako na uku na tsinci na farko da ciwo ya kama. Yana kan igiyar shanya, ya kumbura gashinsa, harshensa a waje kamar zare, ya kasa mayar da shi. Na miƙa hannu bai tashi ba. Na kai wa Baba shi a tafin hannuna, ba na ma jin nauyinsa. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Kawo min kwalaben nan, ɗaya bayan ɗaya."

A ta tara ya samu abin da yake nema. Cikin murfin ɗaya daga kwalaben lemon, inda buroshi ba ya kaiwa, baƙar funfuna ta yi zobe. Ni na huda murfin, ni nake wankewa, kuma na san akwai ranakun da gajiya ta sa na ɗauraye kawai na sake cikawa.

"Baba, ni ce."

"Ke ce, ni ne, ɗan'uwanki ne. Je ki ɗora ruwan zafi."

Muka zubar da na lemon, muka dafa sauran. Amma ciwon ya riga ya shiga cikinsu, kuma baki ɗari biyu ne ke shiga ƙofa guda. Wanda harshensa ya kumbura ba ya iya sha, sai ya zauna kusa da kwalba cike har yunwa ta kashe shi. Washegari na tsinci huɗu a ƙarƙashin baranda. Rana ta gaba kuma bakwai. Ina kwashe su da abin kwasar shara ina binnewa a bayan kicin saboda kada kyanwa ta ci.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya ce in kawo masa kujerar takawa.

"Me za ka yi da ita?"

"Kwalaben zan sauke. Duka. Mako biyu."

"Baba, babu daji fa! Ina za su je?"

"In na bar kwalaben, taron nan zai ci gaba, su shafa wa juna har na ƙarshe. In na sauke, su watse, wasu su mutu a hanya, wasu su kai wani tsaunin. Zaɓi ɗaya."

Na kasa zaɓa. Na ce to bari ni in sauke, ya ce a'a, shi ya rataya su. Na riƙe kujerar, ya hau da ƙyar, hannunsa na rawa ruwan na zubo masa a hannun riga. Tsuntsayen ba su guje shi ba. Yana cire kwalba suna bin ta, wani ma ya sauka a kan yatsansa yana sha har ya miƙo min ita.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. Suna zuwa su tsaya cak a iska daidai inda kowace kwalba take a da, suna zagaya ƙugiyar da babu komai. Duk wani abu ja sai sun taɓa shi, bokiti, kallabina, har fentin ƙofa. Na daina sa kallabin. Baba ya sa na mayar da kujerarsa bayan gida wajen kaji, can yake shan gahawarsa. Abinci kuwa sai na yi da gaske yake cin rabi.

A rana ta biyar Baudilio ya zo. Ya tarar da ni a bayan kicin da fartanya, ya leƙa ramin, ya ga abin da ke ciki.

"Nawa?"

"Na daina ƙirgawa."

"Ni fa ban san haka za ta faru ba, Leonilde."

"An gaya maka ka bar bakin rafi, Yaya."

Ya cire hularsa ya mayar. Bai shiga wajen Baba ba, ya juya ya tafi.

Da mako biyun suka cika na dafa sabon ruwa, na rataya kwalabe biyu kacal, nesa da juna. Har azahar tsuntsu uku ne suka zo. Zuwa ƙarshen wata sun kai takwas, nan suka tsaya. Masu doguwar jelar nan ban ƙara ganin ko ɗaya ba.

Da damina ta kama, Baudilio ya dawo da alfadari ɗauke da dashen itatuwa masu fure, wajen guda arba'in a cikin baƙaƙen leda. Ya gangara bakin rafi ya fara haƙa a ɓangarensa. Na kamo hannun Baba na fito da shi ya gani. Ya tsaya ya jingina da ginshiƙi yana kallon ɗansa a cikin laka.

"Wane iri ne?"

Na faɗa masa.

"Shekara biyar kafin su yi fure," ya ce. "Ni kuwa shekarata tamanin da uku."

Ya ɗan ƙara tsayuwa, sannan ya ce in kai wa Baudilio ruwan mazarƙwaila mai zafi, in kuma gaya masa ramukan sun yi kusa da juna, ya ƙara taku biyu a tsakani.