Gadon Jinjiri a Ofishin Fada

Ni kafinta ne. Ban yi nisa a boko ba, amma na san abin da bakina ya faɗa ranar aurena.

Bayan mun binne ɗanmu matata ta tafi, ban riƙe ta ba. Kotun gwamnati ta raba mu, daga baya ta samu wani. Sai dai cocinmu na Katolika bai san saki ba. Ba za a ɗaura mata sabo ba sai Fada, limamin cocin, ya tabbatar na farkon tun asali ba aure ba ne.

Yayanta ya same ni a shago.

"Suruki, sannu da aiki."

"Yau kuma ni ne suruki? Zauna a hankali, kar ƙusa ta yaga maka wandon Lahadi."

"Abu kaɗan ne. In Fada ya kira ka, ka ce tun ranar biki ba ka da niyyar haihuwa. A soke auren, ta huta, kai ma ka huta."

"Yaron da muka binne fa? Daga sama ya faɗo?"

"Ka ce kuskure aka samu."

Na ajiye guduma don kar Shaiɗan ya ba ni shawara.

Ranar da aka kira ni, na ɗauki gadon jinjirin da na ƙera wa ɗanmu a ka har ofishin Fada, na dire shi gaban teburi.

"Shaida muka kira ka, ba gyara ba," in ji Fada.

"Shaidar ke nan. Kafin biki na ƙera shi, ita ta zaɓi fentin. Ga inda yaron ya gatsa da haƙoransa biyu. Wanda ba ya son haihuwa yana ƙera wannan?"

"Ka san maganarka za ta iya hana ta aure a coci?"

"Na sani. In akwai dalili na gaskiya ku tono shi, ba zan tare hanya ba. Amma ɗana ba kuskure ba ne. Rubuta haka."

Ya rubuta.

Da na fito da gadon, tana kan benci a bakin ƙofa tare da yayanta.

"Ka cuce ta, mugu!" in ji shi.

Ita ba ta dube shi ba. Ta sa yatsa a wurin gatsar, ta daɗe.

"Ko fenti ba ka sake ba," ta ce.

"Ba zan sake ba."

Na ɗora kayana a ka, na koma shago.