Kwalin da Na Ɓoye a Silin

Sai da na ga matar ta sha kwanar mai kemis, sannan na durƙusa na jawo kwalin daga ƙarƙashin gadon Obadiya. Yana kwance ido biyu, yana kallona.

"Njidda, ina za ka kai mini kaya?"

"Inda hannu ba ya kaiwa."

"Hannun wa? Lucy ce fa."

"Ni ban ambaci sunan kowa ba."

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa, na sungumi kwalin na fita. Kaset arba'in da biyu ne a ciki, duk abin da ya busa tun dawowarsa Jalingo. Gida ɗaya muke haya a Turaki, ɗakina na jikin nasa. Na taka tebur, na ɗaga allon silin, na tura kwalin can ƙarƙashin kwano, na mayar da allon. Watan Maris ne, shekarar casa'in da shida.

Kada ku ɗauke ni mugu. Shekara talatin na yi ina jan babbar mota, Legas, Anacha, Garwa, ba inda ban kwana ba. Boko ban wuce aji uku ba, amma fuska dai ina karanta ta. Tun da aka mai da Jalingo babban birnin jiha kuwa, baƙi suka cika gari, kowa da murmushinsa, kowa da abin da ya zo ɗauka.

Obadiya ɗan Kona ne. Ya yi shekara ashirin yana busa ƙahon Turawa, wanda ake kira saksafon, a otal-otal na Jos da Legas. Ya dawo ba mata ba ɗa, sai ƙahon da rikoda. Gyaran rediyo ke ciyar da shi. Manya sun sha aikowa ya je ya yi musu busa a biki, sai ya ce shi ba ya busa sunan mutum. Da la'asar yakan rufe ƙofa, ya jona rikoda da tsohon batirin motata, ya yi ta busa abin da yake kira jaz. Ba a rawa da shi. Amma in kana alwala ya fara, sai ka tarar ka tsaya da buta a hannu.

Wani abu yake yi da ke ba ni haushi. Yana cikin busa sai ya yi tsit, kaset na ta juyawa a banza, can sai ya ci gaba. Na taɓa ce masa ɓarna ce wannan.

Ya ce, "Wurin mutum ne na bari. Ɗaki nake ginawa, in na cika shi da kayana ina baƙo zai zauna? Kai kana ganin na iya. Abin da nake ji a kaina, rabinsa ma ba ya fitowa ta ƙahon nan. Sauran rabin ba nawa ba ne."

Shi ne kuma da bakinsa ya ba ni labarin wani mai buga faifai a Legas, da ya karɓi kaset ɗinsa wai zai saurara. Bayan wata shida ya ji busarsa a kanti, da sunan wani a jikin faifan. Ranar ya ce da ni, "In ka ga na faɗi, kada ka bari a kwashe."

To ga shi ya faɗi, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Sati biyu da kwanciyarsa sai ga mace daga Jos, da wando, da tabarau, kai a aske, rikoda a jaka. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Obed, ina kaset ɗin?" Ku da kanku me za ku ce?

Da ta dawo daga kemis ta leƙa ƙarƙashin gado, ta fito ta same ni a bakin ƙofata.

"Baba, kwalin da yana nan, ina ya tafi?"

"Yana ajiye."

"Shi ya rubuta mini leta ya ce in zo. Wuraren da ya bari a cikin kiɗan, na muryata ne. Haka muke yi tun a Jos, ya busa, in amsa."

"Ina letar?"

"Na bar shi a gida."

"Af."

"Kana ce mini ɓarauniya ne, Baba?"

"Baƙuwa na ce. A nan ba mu san ki ba."

Maganar wuraren da ya bari ta ɗan taɓa ni. Amma mai zazzaɓi yakan yi surutu, mai wayo kuma yakan tsinta. Na je tasha na sami Hadi, direban da ke hanyar Jos, na ce ya bi otal ɗin da Obadiya ya yi aiki ya tambayo mini tsofaffin ma'aikata ko sun san wata Lucy. Haka muke yi a tasha, ba ma yarda da takarda, sai wanda ya gani da ido. Ya ce zai ɗan jima, don daga Jos Kano zai wuce.

Na zuba mata ido. Ita ke dama masa kunu, ita ke wanke masa zanin gado, ita ke juya shi. Na ce a raina, mai hankali ce, ta san ana kallonta. Ran nan na kama ta tana binciken akwatinsa, ta ɗago da reza a hannu, wai aski za ta yi masa. Na tsaya a kanta har ta gama.

Kwana na bakwai ya kira ni, muryarsa kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Soobajo, abokina, kaset ɗaya kawai. Mai jan marfi. Ina so in ji ta a kai kafin in tafi."

"Ba inda za ka. Ka tashi ka miƙa mata da hannunka."

"Ni na ce ka ba ta."

"Kai kuma ka ce kada in bari a kwashe. Wancan da lafiyarka ka faɗa."

Ya kalle ni ya ce, "Taurin kanka ya fi tayar motarka." Ya juya fuskarsa wajen bango.

Ranar Talata da hantsi, ina gyara igiyar shanya, na ji Lucy tana rera wani abu a hankali a ɗakin, ba kiɗa, ba komai. Ta yi ta tsayawa, ta ci gaba. Can ta yi shiru, shirun ya yi tsawo. Ta fito ta ce, "Baba, zo ka rufe masa ido."

’Yan uwansa suka zo suka kai shi Kona. Na bi su, na tsaya daga gefe har aka rufe shi.

Washegari Hadi ya iso, ko zama bai yi ba.

"Bappa, kowa ya san ta. Shekara takwas suna tare. Mai gadin otal ɗin ya ce in shi ya busa ita ke amsawa, har mutane su manta da abincinsu."

"Kai ka ga mai gadin da idonka?"

"Har goro na ba shi."

Da azahar na taka tebur. Ina ɗaga allon silin wani zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe murfin inji. Ni da na shekara talatin ina yi wa mutane faɗa kada su bar kaset a gaban gilashin mota, ni na kai arba'in da biyu ƙarƙashin kwano a watan Maris, kwana goma sha ɗaya.

Na sauke kwalin a inuwar mangwaro, na kira ta. Na sama duk sun lanƙwashe, wasu sun manne da juna. Mai jan marfin ya kumbura, ya ƙi shiga rikoda. Ta juya shi, ta sake juyawa. Na jira zagi, bai zo ba.

"Kana da wani kaset a ɗaki, Baba? Kowane iri. Gidan kaset ɗin nake so, ba zaren ba."

Na kawo mata nawa guda uku na tafiye-tafiye. Ta zauna a tabarma, ta kwance ƙusoshin da bakin wuƙa, ta zubar da nawa zaren, ta ɗauko nasa a hankali. Wani wuri ya yi laushi, wani wuri ya tattare. Ta zura biro a ramin ta fara naɗewa.

"Riƙe nan. Kada ka ja."

Na riƙe. Zaren yana wucewa ta tsakanin yatsuna, kaɗan-kaɗan, har yanzu da ɗuminsa.