Jinin Wakili

Alhaji Badaru ya cusa katin asibitin a hannun Idrissa, sa'an nan ya rage murya, ko da yake ƙarar janareto ta riga ta cika barandar.

"Idan aka kira sunana, ka amsa. Ban da surutu, ban da Faransancin nan naka. Ka miƙa hannu kurum."

Idrissa mutumin Tawa ne, shekara tara yana gadin rumfar albasar Alhaji a kasuwar Mile 12. Ya juya katin gaba da baya.

"Alhaji, ai jininka suka ce."

"To, kai ba nawa ba ne?"

Idrissa ya shiga layi.

Ya kamata a yi wa Alhaji Badaru adalci, domin bai ƙago sabon abu ba. An ɗaura aurensa da Rahma a nan Agege yana can Aliero wajen lodin albasa, kawunsa ne ya karɓa masa, kuma babu malamin da ya ce auren bai ɗauru ba. Mahaifinsa bai taɓa yanka ragon Layya da hannunsa ba, mahauci yake wakiltawa. Shi da kansa ya je Makka ya yi wa marigayiya kakarsa aikin Hajji. Hatta ƙasar ma, shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, wakilai ake turawa Abuja su yi magana a madadin jama'a. A ganinsa, idan aure da Hajji da mulki sun karɓi wakili, cokali guda na jini bai isa ya ƙi ba. Akwai kuma wani dalili da bai taɓa faɗa wa kowa ba: tun ranar da aka yi masa lamba yana ɗan shekara bakwai, ya suma a gaban 'yan mata, allura ba ta sake taɓa jikinsa ba.

Abin da ya kawo su shi ne cikin Rahma, na fari, wata bakwai. A wajen awo an gano jininta irin wanda ba a cika samu ba ne, wanda suke kira nagetif. Ungozomar asibitin, wata Sista 'yar Filato mai Hausar Jos, ta bayyana musu cewa idan jinin uba fozitif ne, jariri yana iya ɗauko nasa, jikin uwa kuma ya ɗauke shi baƙo ya koyi yaƙarsa. Na fari yakan tsira, na bayansa ne ke shan wuya. Maganin abin allura ce, ɗaya yanzu, ɗaya bayan haihuwa. Idan kuwa uban ma nagetif ne, babu bukatarta. Rahma ba ta bukaci dogon bayani ba. Yayarta Turai ta haifi ɗanta na fari lafiya, uku da suka biyo shi kuwa kowanne ya zo da shawara, idanu rawaya, babu wanda ya kai ranar suna.

Bayan awa guda Alhaji ya hau bene da takardar sakamako, ya naɗe hannun hagu cikin babbar riga kamar mai jinya. Ya tarar da Rahma zaune gaban teburin Sista.

Sista ta duba takardar, ta gyara tabarau, ta sake dubawa.

"Kai, Alhaji! Kai ma nagetif? Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, sau biyu kawai na ga mata da miji haka. Madam, kin huta. Babu allura."

"Jinin gidanmu ne," in ji Alhaji, yana gyara zama. "Tun kakanni ba mu cika haɗa iri da kowa ba."

Rahma ta yi hamdala, har idonta ya kawo ruwa. Ta juya wajen taga don ta share, sai ta hango Idrissa a ƙasa, zaune kan benci kusa da masu baburan okada, yana shan lemon kwalba, ga farar auduga manne a gwiwar hannunsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sa'an nan ta dubi mijinta, wanda ko farce ba ya yarda a yanke masa da reza sai ya kawar da kai.

"Sannu, Alhaji. Da zafi?"

"Namiji ba ya faɗin irin wannan."

"A wane hannun ne?"

"Wannan." Ya ƙara matse hannun a cikin riga.

Haihuwar Agege ce Rahma, ta iya Yarabanci kamar Hausa, ta kuma san cewa mutum irin Alhaji ba a kama shi a gaban mace baƙuwa. Saboda haka ta gyara mayafi, ta fuskanci Sista da murya mai laushi.

"Sista, don Allah in yi tambayar jahilci. Idan an haihu, kuna auna jinin jaririn?"

"Dole. Duk uwa mai irin jininki, daga cibiya muke ɗiba."

"To, idan ni nagetif ce, Alhaji ma ga takarda ta ce nagetif ne, sai jariri ya fito fozitif fa?"

Sista ta yi dariya har ta ajiye biro.

"Ba ya yiwuwa, Madam. Abin da babu a uwa, babu a uba, daga ina yaro zai samo? In mun ga haka, mukan ce oga ya ɗan jira a waje, mu rufe ƙofa mu tambayi matar gaskiya."

"Wace gaskiya?" in ji Alhaji.

"Wanda ya yi cikin mana."

Daga titi ana jiyo ihun kwandastan motar danfo yana kiran fasinjan Oshodi. Alhaji ya ciro sabuwar wayarsa ta hannu, ya duba ta ba tare da ta yi ƙara ba, ya mayar. A zuciyarsa yana bin magabata ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya taɓa wakilta wani a wannan fanni, bai samu ba. Ya hango ranar suna: an yanka rago, dillalan Mile 12 sun cika layi, ga kuma takarda mai hatimi a aljihun teburin asibiti tana cewa ɗan ba nasa ba ne. Bayan wannan sai ya tuna da Turai, da ƙananan ramuka uku da shi kansa ya tsaya a bakinsu.

"Ni dai ban damu ba," in ji Rahma, tana shafa cikinta. "Tunda jinin gidanku ne, ai shi ke nan. Oya, mu tafi, kada rana ta yi."

Alhaji bai tashi ba. Ya yi gyaran murya irin ta buɗe taro.

"Sista, an sami ɗan kuskure wajen aike."

"Wane aike?"

"Jinin da ke cikin takardar nan, na yarona ne. Wakilta shi na yi."

Sista ta cire tabarau ta dube shi, ta dubi Rahma, wadda ta duƙufa tana nazarin zanen lallen hannunta.

"Alhaji, ka san abin da ka kusa jawo wa matarka?"

"Na sani yanzu."

"Cire riga. Ni zan ɗiba da kaina, kada a sake aiko mini da wani."

Ya cire babbar rigar, ya ninke ta da ladabi, ya miƙa wa Rahma. Da Sista ta ɗaure masa dantse da roba, ya fara salati da ƙarfi. Da ta ɓare allurar daga leda, salatin ya tsaya, ya zube ƙasa sumamme. Sai da aka kira Idrissa da wani ma'aikaci suka ɗaga shi daga ƙasa suka jingina shi da bango.

"Bon, Alhaji," in ji Idrissa, yana yi masa fifita da hularsa, "da ka bari na sake ba su. Akwai saura."

Sakamako ya fito kafin azahar: fozitif, kamar na yawancin bayin Allah. Sista ta buɗe firij ta ɗauko 'yar kwalbar maganin, ta ce Rahma ta matso. Alhaji yana zaune a ƙasa, ba hula, gumi ya jiƙa 'yar cikinsa. Ya ɗaga kai da kyar, ya dubi matarsa da idon wanda ya ga duniya.

"Ki daure, Rahma," in ji shi. "Abin ba komai ba ne. Mu da muka riga ki mun sani."