Layin da Ya Nufi Bango

Shekara talatin da ɗoriya Ma'auni yana shimfiɗa tayil, bai taɓa jan igiya don daidaita layi ba, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Tsugunawa yake a bakin ƙofa, ya kanne ido ɗaya, ya ɗora na farko, sauran su bi sahu. Abin da bai faɗa wa kowa ba, har matarsa, shi ne tun bara idonsa na dama ya soma hazo. Ranar da maganar ta fita, babu ɗan kwangilar da zai ƙara nemansa.

Wannan makon wata doguwar baranda suka samu a sabon gini, shi da ƙanensa Auta, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa. Ma'auni na shimfiɗawa, Auta na kwaɓa siminti. A rana ta uku Auta ya ajiye shebur, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Yaya, layinka da bangon nan soyayya suke yi ne? A bakin ƙofa yatsa huɗu ne tsakaninsu, nan kuwa ko wuƙa ba za ta shiga ba. Kafin ƙarshe sai sun rungumi juna."

"Bangon ne a karkace. Maginan yanzu ai da ƙafa suke gini."

Auta ya ɗauko tef ya auna faɗin barandar, farko da tsakiya da ƙarshe. Bangayen biyu tafiya suke kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya kusanci ɗan'uwansa. Ya naɗe tef ɗin a hankali.

"Miƙo mini gudumar nan, Yaya."

Tana nan gefen gwiwar yayan ta dama. Ma'auni ya waiga hagu, ya waiga baya, sannan ya shiga laluben ƙasa da tafin hannu. Auta ya dubi gudumar, ya dubi idon yayan.

Suna haka ɗan kwangila ya shigo yana kaɗa makullin mota. Taku uku ya yi ya tsaya cak.

"Wane ne ya yi mini wannan aika-aikar?"

"Ni ne, yallaɓai," in ji Auta. "Yaya ya bar mini layin farko, na yi gaggawa."

"Ai na sani! Ma'auni ko a mafarki ba zai yi wannan ba. A fasa shi duka. Kai kuma kwashe komatsanka, kada in sake ganin ƙafarka a aikina."

Ma'auni ya buɗe baki. 'Ya'yan Auta shida suka faɗo masa a rai, ga matar Autan da tsohon ciki. Sai kuma ya tuna nasa gidan. Ya sunkuyar da kai.

Auta ya wanke hannu a duro, ya saɓa rigarsa. Da ya zo wucewa ya rage murya.

"Ƙurar nan ta shigar mini ido, Yaya. Jibi ka raka ni asibiti."

Ya fita. Ma'auni ya durƙusa shi kaɗai ya soma fasa tayil ɗin, siminti bai ma gama bushewa ba.