Ɗaurin Jitar da Yayana Ya Sace

A gidanmu ba a ɗaura jita a gaban baƙo. Papa yakan juya wa mutane baya kafin ya murɗa kunnuwanta, in ya gama kiɗa kuma ya sassauta tsirkiyoyin nan shida kafin ya ajiye, kada wani ya shafa ya gane yadda aka jera muryoyinsu. Ɗaurin na kakanmu ne. Shi ya ba Papa, Papa ya ba yayana Palakiko. Ni Kanoe ba wanda ya ba ni komai, da kunne na tsinta ina wanke kwanuka.

A 1938 ina wankin kayan ma'aikatan gonar rake. In na shanya na ƙarshe da la'asar, sai in zauna a baranda, in kwantar da tsohuwar jitar gida, ta kakanmu, a kan cinyata, in riƙa zamar da wani guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin. Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗaurin kaka murna kawai ya iya. In kana son sautin kewa, sai ka karkata ƙarfen har wuyan hannunka ya yi tsami, a hakan ma tsirkiya biyu kaɗai za su amsa maka. Ni kuwa so nake jita ta yi dariya, ta yi kuka, ƙarfe yana kwance sak.

Wata bakwai na yi ina ɗamewa ina sassautawa. Na tsinka tsirkiya ta fi goma, ɗaya ta tsaga mini ƙarƙashin ido, tabon yana nan. Duk abin da na gwada ina rubutawa a bayan kalandar kantin Anake Luika, ƙanwar mahaifiyarmu. Yawanci shirme ne. Sai wata Lahadi na ɗame tsirkiya ta biyu taki ɗaya, na sauke ta biyar, na sauya ta huɗu da siririya. Na shafa. Tsigar jikina ta tashi. Na sama uku suna kuka, na ƙasa suna rarrashinsu.

Papa ya fito daga bayan gida da ragar kamun kifi a kafaɗa.

"Akuyar wa ake yankawa?"

"Papa, tsaya ka ji..."

"Wa ya ba ki izinin taɓa ɗaurin ubana? Mutumin da ya shekara arba'in yana kiɗa, ke ce za ki gyara masa? Mayar da ita yadda take!"

Ranar Palakiko ya zo daga garin Hilo, inda yake kiɗa a wani otal. Yana zaune yana lasar poi, kirɓaɓɓen gwaza, a yatsa, yana dariya. Tita yake ce mini, wato ƙanwa.

"Tita, ki tsaya a kan sabulunki mana. Kawo in ga ɓarnar."

Ya karɓa, ya shafa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har sau biyu. Ya miƙo mini yana girgiza kai. Ni wawiya har kunya na ji.

Bayan mako uku muna kantin Anake da rana, an kewaye rediyo ana jiran shirin kiɗa na Lahadi. Da aka shafa sautin farko na san abina, kamar yadda uwa take sanin kukan ɗanta a cikin taro. Mai gabatarwa ya ce wannan sabon ɗauri ne na Palakiko Nahale, wai a mafarki ya zo masa.

Na juya wajen Papa. Idonsa ya ciko da ƙwalla, yana ta gyaɗa kai.

"Kun ji ɗana? Kun ji abin da jini yake yi?"

"Papa, akuyar nan ce fa. Wadda ka ce in mayar."

Ko kallona bai yi ba. "A hannunsa ta zama kiɗa."

Anake ta riƙo hannuna, na fizge. Washegari na bar wankin mutane a jiƙe na hau jirgin ƙasa zuwa Hilo. A bayan otal na same shi da abokan kiɗansa, suna cin shinkafa da kifi, ya sha farar riga da furanni a wuya.

"Mai mafarki! A mafarkin naka ka ga tsirkiyar da ta tsaga mini fuska?"

Ya miƙe da sauri ya ja ni gefe. "Rage murya, Tita."

"Ba zan rage ba. Ka koma gidan rediyon nan ka faɗi sunana."

"In ce me? In ce ƙanwata mai wanki ce ta koya mini? Abin gida ne, Kanoe. Duk abin da ya fito daga jitar kaka na gida ne, ni kuma nake fita da sunan gidan. Ki rufa mana asiri, zan sai miki yadi mai kyau."

"Ka ɗinka wa kanka likkafani da shi."

Ya saki hannuna, ya yi wani murmushi da har yau ban manta ba. "To je ki faɗa. Wa zai yarda da ke?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. A jirgi ina dawowa na ciji leɓena har ya yi jini. Kafin mu iso tasharmu na san abin da zan yi.

Ranar Asabar da safe na ɗauki jitar na nufi kasuwar kifi ta Hilo, inda kowane makaɗi yake zuwa cefane. Na kifa akwati na zauna, na sassauta tsirkiyoyin duka, na fara ɗaurawa a gaban jama'a, ina faɗin kowacce da ƙarfi.

"Masu son ɗaurin da kuka ji a rediyo, ku matso! Kyauta ne! Ta biyu a ɗame ta taki ɗaya!"

Da fari dariya suka yi. Da na kwantar da ƙarfe na ja waƙa ɗaya, har masu yankan kifi suka ajiye wuƙa. Medeiros, babban abokin hamayyar Palakiko, ya tsuguna a gabana da fensir, yana rubutu a takardar naɗe kifi.

"'Yar'uwa, ta huɗun fa?"

"Siririya za ka sa. Mai kauri tsinkewa take yi. In an tambaye ka, ka ce Kanoe Nahale ce ta koya maka."

Mutum tara na koya wa ranar, har da wani wanzami ɗan Japan da bai fi wata biyu da fara kiɗa ba.

Kafin wata ya ƙare babu bikin da ba a jin ɗaurin. Medeiros ya fi yayana hannu, kowa ya sani, sirrin ne kawai ya raba su. Gidan rediyo suka ɗauke shi, Palakiko ya tattara ya koma Honolulu ba sallama. Sunana kuwa bai bi abin ba. Har yau ɗaurin kasuwar kifi ake ce masa, tara ɗin nan ba wanda ya tuna da ni.

Papa ya kulle jitar kaka a akwati, ya rataya mabuɗin a wuya. Ya ce na tallata mutuncin gida a cikin ƙarnin kifi, na kori ɗansa. Na ce ɗansa ɓarawo ne, shi kuma ya sani. Daga ranar muka daina magana, muna gida ɗaya, ina dafa masa abinci. Na sayi tawa jitar a hannun wanzamin nan da ya gaji da koyo, na ci gaba da gwaje-gwajena a baranda, shi kuma ya riƙa rufe taga.

Sai da aka yi wata goma sha huɗu ya buɗe baki. Muna cin abincin rana ya ce, "Miƙo gishiri." Na jira ko akwai saura. Babu. Na tura masa gishirin, na ɗauki kwanona na koma waje na ƙarasa ci.