Rabon Biba

Lokotoro, likitan asibitin, ya juyo da allon eko, na'urar hoton ciki, wajen Kalla, ya nuna wani baƙin wuri da bakin biro.

"Ka san maɗaciya, Baba?"

Kalla bai yi dariya ba, saboda wurin asibiti ne. Tun kafin a haifi wannan yaro yake fawa a kasuwar Bangi. Kowace akuya ya feɗe, sai ya ɗaga hanta, ya yanke 'yar koriyar jakar nan a hankali, ya wurga wa ungulaye. Ko su wani lokaci sai su yi mata kallon raini.

"Na san ta. Abin yarwa ce."

"Tana da aiki," in ji lokotoro. "Hanta ke yin ruwan ɗaci, ita kuma ta ajiye. In mutum ya ci maiƙo, sai ta matse, ta zuba ruwan a hanji, ya narkar da kitsen. Ta matarka ta cika da tsakuwa, ta kumbura. Duk sadda ta ci mai, jakar na matsawa a kan dutse. Tana cin maiƙo da yawa?"

Kalla ya ce a'a. Hannunsa na kan aljihu, inda ƙunshin takardar siminti ke da sauran ɗumi.

Mahauci ba ya sayar da komai da komai. Akwai yankin da ke komawa gida, kuma na Kalla kullum kitsen ƙoda ne, gasasshe, da yaji kaɗan. Rabon matarsa Biba ke nan tun tana amarya. Da ta fara ramewa bara, sai ya ninka shi. Ya ga dabba ta rame, ya san maganin rama.

Ya same ta kwance a ɗakin mata, idanunta sun yi ɗorawa. Nan da azahar za a shiga da ita aiki.

"Sarkin fawa," ta ce. Ba sarkin kowa ba ne, ita ta naɗa shi. "Mi ka kawo min?"

"Ba komi."

"Ƙarya. Tun daga ƙofa na ji ƙamshi."

Ya zauna a bakin gado, yana duban ledar ruwan da aka rataye mata.

"An ce shi ke tada miki ciwon."

"Awo. Na sani tun damanar bara."

"Kin sani?"

"Cikina ne fa. In na ci, sai ya kama ni nan, har baya."

"To don mi ba ki faɗi ba?"

Ta yi ƙoƙarin gyara kwanciya, ta fasa.

"Kai ba ka magana. Tunda aka kawo ni gidanka ban taɓa jin ka ce ko tuwo ya yi daɗi ba. Sai dai ka aje ƙunshi, ka wuce alwala. In na ce a bari, da mi za ka yi min magana?"

Kalla ya buɗe baki. Ya nemi abin cewa, ya tarar bai taɓa ajiye ko ɗaya ba. Masu tura gado suka zo.

"Aje min," ta ce. "In na fito."

Ya yi azahar a ƙarƙashin itacen bedi. Ya yi la'asar a wurin. Sannan lokotoro ya fito, ya cire abin rufe baki, ya tsaya nesa kaɗan fiye da ɗazu.

"Baba, mun tarar jakar ta riga ta fashe. Ruwan ya bi ciki. Mun wanke iyakar iyawarmu, matarka tana numfashi, amma ina so ka gane..."

"Na gane."

Lokotoro ya so ya ƙara bayani, Kalla ya ɗaga masa hannu. Ya sha ganin wuƙar mai gaggawa ta huda jakar nan a kan nama. A wanke da ruwa, a wanke da gishiri, ɗacin na nan.

Ya koma ƙarƙashin bedi, ya fiddo ƙunshin. Kitsen ya sandare, ya yi fari, ya manne da takarda. Wata mage ta matso tana kallonsa.

Ya nannaɗe shi, ya mayar aljihu. An ce ya aje.